Warin Jabel a Ruwan Masallacinmu

Ni dai Allah ya yi ni da hanci, ya kuma yi ni da zargi. Mijina kan ce da ta hanci ake ɗaukar 'yan sanda, da tuni na zama kwamishina a Douala. Ya yi ta tsokanarsa. Hancin nan dai shi ya fara gaya mini akwai wata a ƙasa game da ruwan unguwarmu, tun ban san da wa zan yi rigima ba.

A unguwar New Bell ta Douala aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Ruwan kamfani a layinmu sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma kamar ana roƙonsa. Rijiyoyin gida kuwa, duk wanda ya yi damina ɗaya a New Bell ya san abin da ke gangarawa cikinsu in kwata ta cika ta tumbatsa. Shi ya sa da jama'ar masallacinmu suka haɗa hannu aka haƙa rijiyar burtsatse, wadda mu nan muke ce wa foraj, aka ɗora babban tanki a kan ƙarafa, muka ce to, mun huta. Aka ja famfuna a cikin harabar masallaci don alwala, aka ja wasu a waje don gidaje. Daga wayewar gari zuwa magariba ba ka raba wurin da mata da bidon ɗinsu, wato jarkokin nan masu ruwan ɗorawa.

Makullin ɗakin injin foraj mahaifina, Baba, aka ba. Shi ne ladanin masallacin tun ban yi wayo ba, kuma duk unguwa an san in ka ba shi ajiyar allura, allurarka za ka tarar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. 'Yata kuwa, ita kaɗai Allah ya ba ni, amaryarsa ce. Kullum suna cikin faɗan miji da mata, ita ta ce ya tsufa ba ta so, shi ya ce ba ta iya tuwo ba zai sake ta. A harabar masallacin take zuwa islamiyya da yamma, in an tashi sai ta liƙe masa har a kira magariba.

Foraj irin namu, da yake jama'a ke sha, yana ƙarƙashin ma'aikatan tsafta na ƙaramar hukuma. Dokarsu ba ta da wuyar ganewa. Duk lokacin da aka cika tanki, a zuba jabel, wato bilicin nan da ake wanke fararen kaya da shi, daidai awon da suka nuna, don ya kashe ƙwayoyin cuta. Su kuma lokaci-lokaci su zo su gwada. Wata doguwar mata ce mai zuwa mana, ba Bahaushiya ba, da farar riga da 'yar jakar sanyi, duk unguwa Madam ake ce mata. Takan tari ruwa a 'yar kwalba ta jefa wata ƙwaya. In ruwan ya koma ruwan hoda, akwai magani ke nan. Sai ta cika wata kwalbar ta tafi da ita ɗakin gwaji, bayan an kwana biyu a manna takarda a bangon masallaci cewa ruwa lafiya lau. Duk wannan labari nake ji, ban taɓa gani ba, domin ni sakatariya ce a wani ofis can wajen tashar jiragen ruwa, da safe nake fita sai yamma.

Sai 'yata ta fara ciwo. Zazzaɓi, ciwon ciki, gudawa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Likita ya ce taifod. Muka yi magani ta tashi, ba a jima ba ta sake kwanciya. Da muka koma, likitan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wane ruwa take sha?”

Na ce ruwan foraj ɗin masallaci, kuma gwadadde ne, takardar hukuma na nan a bango.

Kafaɗa kawai ya ɗaga ya ci gaba da rubutu. Wallahi ɗaga kafaɗar nan ta fi zagi yi mini ciwo. Ya ƙara da cewa in aka ci gaba da haka, hanjin yaro ba ƙarfe ba ne.

Daga ranar na fara tafasa ruwan gidana, na kuma fara shinshina. Duk safiya kafin in fita sai na buɗe bidon na kai hanci. Yau babu wari, gobe babu, jibi babu. Sai wata safiya warin jabel ya doke ni tun daga ƙofa, har ido na yaji. Da na dawo da yamma aka ce mini ai Madam ta zo. Na shinshina ruwan da aka ɗebo da la'asar, ko alamar wari babu. Na ajiye abin a raina. Da aka sake zagayowa, haka aka sake yi: wari da safe, Madam da hantsi, da yamma ruwa salam. Na ce a'a, da walakin, goro a miya.

Wanda na fara ɗora wa ido shi ne mai wankin da ke jikin bangon masallaci. Kwamitin masallaci na sayen jabel a kai a kai, kowa ya sani. To in ba ya shiga tanki, ina yake shiga? Ga mutum yana shanya fararen riguna suna ƙyalli har su kashe ido, ga shi shi da Baba kullum suna kan benci ɗaya suna cin goro. Na ce shi ke nan, ya ga tsoho mai yarda da mutane, yana zagayawa yana kwashewa. Na daina amsa gaisuwarsa da kyau. In ya ce “Hajiya, an dawo?” sai in ce “Uhm,” ina leƙen bayan shagonsa ko zan ga kwalaben jabel.

Madam ma ban bar ta ba. Na ce wa ya sani ko kwalbar nan da take tafiya da ita a kwata take juye ta, ta zauna a ofis ta buga hatimi? Wa kuma yake tsegunta ranar zuwanta? Na zargi sakataren kwamiti. Na zargi wani maƙwabci da ya haƙa sabon masai a bayan masallaci ba tare da ya shawarci kowa ba. Har mijina sai da na tsare, don ya ce mini in bi a hankali kada in ɓata da mutane, shi da yake kasuwancin atamfa a kasuwar Marché Congo da rabin 'yan kwamitin. Na ce masa, “Au, abokan cinikinka kake ji, ba 'yarka ba?” Ya ɗauki hularsa ya fita.

Mutum ɗaya ne ban zarga ba. Har zuwa na yi na same shi na ce, “Baba, ka riƙa kula da makullin nan, ina jin ana yi maka sata.” Ya ce, “Babu mai yi mini sata, Uwata.” Na ce a raina, Allah sarki tsoho, kowa nagari ne a wurinsa. Alhali tun ina yarinya na san in ruwan kamfani ya zo da warin magani, Baba ba ya taɓa shi sai ya kwana a buɗe a cikin baho. Na sani sarai, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Kwanciyar yarinya ta gaba ta fi sauran muni, sai da aka ba mu gado. Da aka sallame mu na ɗauki hutu a ofis na zauna da ita. Da rani ne, an daɗe ba a ga ko yayyafi ba. Wata safiya yarinyar maƙwabta ta shigo da bidon, warin nan ya riga ta shigowa. Na ce yauwa, yau za a yi ta. Na bar 'yata wurin maƙwabciyata, na yafa mayafi na je na tsaya daga gefen famfunan waje kamar mai jiran layi.

Da hantsi Madam ta sauko daga kan babur. Ta gaishe da Baba da girmamawa, har da ɗan rusunawa. Ta tari ruwa, ta jefa ƙwayarta, ruwa ya koma ruwan hoda a gaban idona. Ta cika ɗaya kwalbar, ta sa a jakar sanyi, ta ce da Faransanci komai daidai, ta hau babur ta tafi. Ban ga an miƙa mata komai ba, kuma na sa ido ƙwarai. Na koma kallon mai wanki. Bawan Allah yana ta guga, ko ɗaga kai bai yi ba.

Har na juya zan tafi sai na ji ƙarar ruwa a kwata. Ba tsiyaya ba, gudu yake yi sosai, yana tafiya da ledoji da ɓawon lemo. Na dubi sama, rana ƙwal. Na bi kwatar nan ta lungun bayan masallaci, warin jabel na ƙaruwa, har na iso ƙarƙashin tanki. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Baba ne a tsaye, ya naɗe ƙafar wando, hannunsa a kan babban famfon ƙasan tanki, ya buɗe shi gaba ɗaya.

Na ce, “Baba, me kake yi?”

Ko razana bai yi ba. Ya ce, “Matsa baya, Uwata, kada ya ɓata miki zane. Ina so in sake cikawa kafin azahar.”

“Ruwan maganin kake zubarwa?”

“Shi fa.”

Na ce, “To jabel ɗin da ake saye fa?”

Ya rufe famfon, ya buɗe ɗakin inji ya nuna mini. Ga kwalaben nan jere a jikin bango, cike, ko murfinsu ba a fasa ba, ya ma lulluɓe su da buhu don ƙura. Ya ce, “Amanar jama'a ce. Ko ɗigo ban ba kowa ba.”

Sannan ya yi mini bayani a tsanake, yadda yake koya wa yara karatu. Ya ce tun yana ƙarami malaminsa ya karantar da shi cewa ruwan tsarki ana duba shi da abu uku, launinsa, da ƙamshinsa, da ɗanɗanonsa. In wani abu ya shiga ya canza ɗaya daga ciki, to a yi wanki da shi, amma ba alwala ba. Ya ɗauko wani farin kofi da ke rataye a ƙusa, ya ce kullum da safe sai ya tara, ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. “Ruwan nan garau yake fitowa daga ƙasa, Uwata, kamar yadda Allah ya halicce shi. In na zuba wancan abu, ko yaro ya san ya canza. Mutum nawa ke alwala a nan? Duk in ɗauki sallarsu in ɗora a wuyana?”

Na ce, “To don me kake zubawa ranar da Madam za ta zo?”

Ya ce, “Ita ke bugo mini waya ta ce gobe tana tafe, in shirya. Sai in shirya. Hukuma na da haƙƙinta, na ba ta. Salla na da haƙƙinta.”

Ashe babu mai tsegumi, babu cin hanci, babu ɓarawo. Ladabi ne kawai, matar ba ta son ta zo wa dattijo ba sanarwa.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce, “Baba, abin da ke kashe yarinyar nan ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano! Masai nawa ne kewaye da foraj ɗin nan? Amaryar taka ce fa a kwance!” Ina faɗa ina kuka.

Ya ce, “Cuta da lafiya na Allah ne. Ni ma shi nake sha.” Ya kunna inji, ƙararsa ta rufe sauran maganata.

Ban tafi hukuma kai tsaye ba, uba uba ne. Na sa mijina ya raka ni wurin liman, na yi tambayar ba tare da na ambaci kowa ba. Liman ya ce babu laifi ko kaɗan, maganin da aka sa don kare lafiyar mutane ba ya hana alwala, malamai sun daɗe da yin bayani. Ya yi mamaki ma da ake tambaya. Na kai wa Baba wannan amsa da murnata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Liman yaron kirki ne. Ni na yi masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi.” Nan na gane ba zai ɗauki fatawar wanda aka haifa a gabansa ba.

Na ci gaba da shinshina bidon kowace safiya, ina fatan ya ba ni kunya. Babu wari. Na ce to, aƙalla tawa na tsare ta, ruwan tafasasshe take sha, har gora nake cika mata ta tafi da ita islamiyya, na kuma ja mata kunne. Sauran yaran unguwa fa? Wannan tambayar na riƙa ture ta gefe, ina cewa gobe zan sake yi masa magana.

Wata ranar Asabar na je ɗaukar ta da kaina. Na shiga harabar masallaci na hango su a kan benci. Gorarta na gefe, ta shanye tun tuni saboda zafi. Baba ya tari ruwa a farin kofinsa, ya duba shi a hasken rana, ya shinshina, ya kai mata baki da hannunsa yana cewa, “Sha, amarya, kada ki ce mijinki ya bar ki da ƙishi.” Tana sha tana dariya, da 'yan hannuwanta da har yanzu ba su mayar da nama ba.

Na kama hannunta muka tafi gida. Ranar Litinin, maimakon ofis, na tari babur na ce ya kai ni ƙaramar hukuma.

Madam ta saurare ni, biro a hannunta, ba ta rubuta komai ba. Da na gama ta ce, “Tsohon nan mai makulli? Me kike da shi?”

Na ce, “Mahaifina ne.”

Ta ce ita saboda girmansa take bugo masa waya, irin wannan bai taɓa zo mata a rai ba. Ta ce, “Kin san in na zo na samu haka, rufewa zan yi?” Na ce na sani. Na ce ba ta bukatar makulli, famfunan waje a buɗe suke.

Ta zo ba sanarwa, ana tsakiyar layin ɗiban ruwa. Ta jefa ƙwayarta, ruwa ya tsaya fari tas. Ta sake jefa wata a wani famfon, haka. Sakamakon ɗakin gwaji da ya fito, abin da likita ya ɗaga wa kafaɗa ne aka samu, ƙazantar masai na shiga ruwan. Aka sa sarƙa aka rufe foraj har sai an wanke tanki an gyara bakin rijiyar.

Wayyo, na sha zagi! Da rani, mata na jan bidon daga wata unguwa, kuma kowa ya san wadda ta kai ƙara, don an gan ni a ofishin. Wata ta tsaya a ƙofar gidana ta ce boko ta sa na kai ubana gaban hukuma. Na fito na ce mata ta je ta ƙirga sau nawa ta kai nata 'ya'yan asibiti bana, sannan ta dawo mu yi magana. Ba ta dawo ba. Mai wanki ne ma, wanda na yi ta harara, ya riƙa aiko mini da ruwa daga na sana'arsa.

Mijina ya ba ni labarin zaman kwamiti. Ya ce Baba bai yi musu ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya faɗi abin da yake yi da dalilinsa, ya kai su ɗakin inji suka ga kwalaben, ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a gaban liman. Aka ba wani magidanci aikin, Madam ta koya masa awo. Da aka buɗe foraj, Baba ya kafa ganga a ƙarƙashin indararon ɗakinsa yana tarar ruwan sama, da shi yake alwala har yau. In rani ya yi tsanani gangar ta ƙafe, sai ya ɗebi na foraj ya bar shi a buɗe ya kwana.

Ya daɗe bai tako gidana ba, in na je gaishe shi sai ya amsa a taƙaice yana jan carbi. Yarinya kuwa ta murmure, kumatu suka dawo, aka shiga damina aka fita ba mu ga asibiti ba. Wata safiya ina shirin fita sai na ji sallamarsa. Ya tsaya a tsakar gida yana kallonta tana tsalle da igiya, ya daɗe yana kallo. Ba tare da ya juyo ba ya ce, “Ruwan ne?”

Na ce, “Ruwan ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya fita.

Tun daga ranar, kowace safiya sai ya biyo da farin kofinsa. Ya buɗe bidon ɗina, ya tara, ya kai hanci. Bai yarda da sabon mai makullin ba ko kaɗan. In ya ji warin ya yi rauni, sai ya tafi ya tsaya masa a ka har sai ya ga an auna an zuba, mutumin har ƙararsa ya kawo mini wai in yi wa tsohona magana. Na ce masa ni ma a wurin tsohon na gado hancin nan da zargin.

Yau da safe ma ya zo. Ya shinshina, ya ɗan yamutsa fuska don har yanzu ba ya son warin, ya miƙo mini kofin ya ce, “Akwai. Ba wa amaryata ta sha, Madam.”

Haka yake kirana tun ranar da aka sa wa foraj sarƙa. Na karɓa na ba ta ta sha. Kullum in ya buɗe baki sai in kasa kunne ko zai ce Uwata, har yanzu dai bai ce ba.